Shin Ko Kun San? Birnin da Ke Korar Motoci Duk Lahadi

Shin ko kun san cewa a Bogota, babban birnin ƙasar Kolombiya, duk ranar Lahadi da ranakun hutu ana hana motoci bin manyan titunan da tsawonsu ya haura kilomita 120? Daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, kwalta ta masu keke ce da masu gudu da masu takalmi mai taya da iyaye masu tura jarirai. Sunan abin Ciclovía. Ƙasar tana da ranakun hutu 18 a shekara, in aka haɗa da Lahadi, wajen kwana 70 ke nan direba na neman wata hanyar. Masu fitowa kuwa sukan haura miliyan ɗaya a rana guda, a birnin da ke bisa tsauni mai tsayin sama da mita 2,600, inda baƙo kan yi haki ko da tafiyar ƙafa ce.

Ko kun san ba gwamnati ce ta ƙirƙiro shi ba? Ranar 15 ga Disamba, 1974, wani mai zanen gine-gine, Jaime Ortiz Mariño, da abokansa suka samu izinin rufe tituna biyu na tsakiyar gari na tsawon awa 3. Ya yi karatu a Amurka, ya ga yadda mota ta cinye biranen can, bai so garinsu ya bi sahu ba. Mutum wajen 5,000 suka fito a kan kekuna. A 1976 magajin gari Luis Prieto Ocampo ya sa hannu, abin ya zama na hukuma. Shirin ya yi ta tangal-tangal shekara da shekaru, sai a tsakiyar shekarun 1990, zamanin magajin gari Antanas Mockus, aka damƙa shi ga hukumar wasanni da wuraren shaƙatawa ƙarƙashin Gil Peñalosa. Cikin 'yan shekaru ya wuce kilomita 100.

Kada ku ɗauka garin ake kullewa baki ɗaya. A tagwayen hanyoyi sau da yawa hannu ɗaya ake rufewa, motoci su bi ɗayan, a mahaɗa kuma kowa ya jira fitila. Tun da asuba ma'aikata ke jera shingaye, ƙarfe 2 na bugawa a kwashe. Akwai matasa masu riguna ja da ruwan ɗorawa, yawancinsu ɗaliban jami'a, suna zagayawa a keke da kayan taimakon gaggawa. A bakin hanya ga mai faci da famfonsa da bokitin ruwan gano huji, ga mai matse lemo, ga mai gasa wainar masarar da suke kira arepa. A filaye kuma an kafa dandamali, kiɗa na tashi, malami na koyar da rawa da motsa jiki kyauta, tsohuwa da jikarta a sahu ɗaya.

A ganina, abin da ya raya shi shi ne rashin fashi. Da sau ɗaya ake yi a shekara da tuni ya zama bikin ɗaukar hoton manya. Da yake duk mako ne, mai faci ya san inda zai kafa, direba ya san inda zai kauce, talakan kudancin birnin kuma ya san zai iya taka kekensa har unguwannin masu kuɗi na arewa ba mai tambayarsa wajen wa ya zo. Kuma ba a gina komai ba, titin nan ne dai na jiya.

Shin ko kun san har lissafin ribarsa an yi? Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa duk dala 1 da aka kashe a kan Ciclovía ta Bogota tana rage sama da dala 3 na kuɗin magani.

Birane da dama sun kwaikwaya: Gwadalahara a 2004, birnin Meziko a 2007, Los Anjeles a 2010. A Afirka, Kigali ta fara a 2016, yanzu sau biyu a wata ake yi, ana gwada hawan jini da ciwon suga kyauta, Shugaba Paul Kagame ma kan fito a wasu lokuta. Adis Ababa ta bi a ƙarshen 2018. Mutanen Kano sun san kamannin titi babu mota, domin ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata akan ga yara sun kafa duwatsu suna ƙwallo a tsakiyar kwalta. Sai dai wancan hana zirga-zirga ne, cewa ake yi kowa ya tsaya ƙofar gidansa ya yi shara, a Bogota kuwa kiran mutane ake yi su fito.

Ko kun san mutanen Bogota ba su tsaya a Lahadi ba? Ranar Alhamis, 24 ga Fabrairu, 2000, magajin gari Enrique Peñalosa, ɗan'uwan Gil, ya hana motocin gida fita a faɗin birnin, ranar aiki sukutum, sai bas da tasi. A watan Oktoba na shekarar aka yi ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka amince a riƙa yi duk shekara a Alhamis ta farkon Fabrairu. Daga baya aka hana har da babura fita a ranar.