Sabin: Ma'aunin Da Ke Bayyana Dalilin Da Magana Ke Cakuɗewa A Ɗakunanmu

A masallatai, azuzuwa da gidajen kallon ƙwallo na Gaya da Ajingi, idan na baya ba su jin magana sosai, abin da aka saba yi shi ne a ƙaro lasifika. Sau da yawa kuɗin nan asara ne, domin matsalar daga ginin take. Bangon siminti da aka shafe da daɓen tayil suna maido da sauti, sai kalmar farko ta hau kan ta biyu.

Akwai ma'aunin da ake auna yadda abu ke shanye sauti, sunansa sabin. An samo sunan daga Wallace Clement Sabine, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca a gidan tarihi na Fogg, inda magana ke daɗewa fiye da daƙiƙa biyar kafin ta mutu. Da dare yakan kwaso matasan kujeru daga zauren Sanders ya shimfiɗa, yana auna canjin da agogo. Da wannan ilimi aka tsara zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Sabin ɗaya na tsarin mita daidai yake da buɗaɗɗiyar taga mai faɗin murabba'in mita ɗaya, wadda sautin da ya fita ta cikinta ba ya dawowa. Lissafin Sabine kuwa shi ne: ka ninka girman ɗaki a mita kubik da 0.161, ka raba da jimillar sabin. Amsar ita ce daƙiƙoƙin da amon sauti ke ɗauka kafin ya ɓace.

Mu ɗauki aji mai tsawon mita 8, faɗin 7, tsayin 3, wato mita kubik 168. Siminti ba ya shanye fiye da kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na sauti, don haka aji babu kowa sabin 6 kacal yake da shi, amo ya kai daƙiƙa 4.5. Ɗalibai 40 za su ƙara kusan sabin 12, ya sauko zuwa 1.5. Ƙa'idar azuzuwa ta Amurka ta nemi kada ƙaramin aji ya wuce 0.6, wato ana bukatar kusan sabin 45. Ga shi lokacin hunturu ana rufe tagogi saboda ƙura da sanyi, sai a rasa ɗan abin da suke taimakawa.

Silin mai taushi da ke shanye rabin sauti, idan ya rufe saman ajin duka, zai ba da sabin 28, kusan duk giɓin ke nan. Labule mai kauri da darduma ma suna taimakawa, shi ya sa masallaci mai kafet ya fi mai tayil daɗin sauraro. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a ƙananan situdiyo kaɗan yake shanyewa, kuma yana saurin kama wuta.

Kafin ku sayi wata lasifika, ku tsaya tsakiyar ɗakin babu kowa ku tafa hannu sau ɗaya, ku naɗi sautin da waya. Manhaja kyauta irin Audacity za ta nuna muku tsawon jelar amon. Idan ta haura daƙiƙa ɗaya, ku fara kashe kuɗin a kan silin da labule.