BAN RUWA NA ƊIGO DA AMFANIN AUDUGA

Ban ruwa na ɗigo shi ne a shimfiɗa siraran mesa a bisa kunya, ruwa ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan daidai gindin shuka. A ƙasar Isra'ila aka kyautata wannan dabara, aka kafa kamfaninta na farko a 1965. A lardin Shinjiyan, inda ake noma mafi yawan audugar ƙasar Sin, manoma suna shimfiɗa mesar a ƙarƙashin leda don kada rana ta shanye danshi.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa auduga tana bukatar ruwa milimita 700 zuwa 1,300 daga shuka zuwa tsinka, gwargwadon zafin wuri. Amma bukatar ba ɗaya ba ce kullum. Tana ƙarama kaɗan take sha. Idan ta fara fure da 'ya'ya, a nan ƙishirwarta take tsananta.

Dalili kuwa shi ne, bayan fure ya buɗe, silin auduga yakan yi kamar mako 3 yana ƙara tsawo, sa'an nan ya yi wasu makonni yana kauri da ƙwari. Idan ruwa ya gaza a makonnin farko, fure da ƙananan 'ya'ya sukan zube, silin da ya tsira kuma ya fito gajere. Gajeren sili ba ya ba da zare mai kyau, don haka masaƙu ba sa sayensa da daraja.

Yawan ruwa ma ɓarna ne. Shuka takan yi ta tsawo da ganye, 'ya'yan ƙasa su ruɓe cikin inuwa, na sama su makara, silinsu bai nuna ba. Irin wannan sili yakan ƙudundune wajen kaɗi, ba ya kuma kama rini sosai. Ga asarar taki, ga ta man injin ban ruwa.

Saboda haka ana jan hankalin manoma da su kiyaye abu uku:

1. A taƙaita ruwa kafin fure, domin saiwa ta nutsa ƙasa.
2. Kada a bar gona da ƙishi daga fitowar fure har 'ya'ya su ƙosa.
3. A janye ruwa idan 'ya'yan farko sun fara fashewa.

Audugar Nijeriya galibi ta damina ce. Wanda yake da niyyar gwada ta da ban ruwa, sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa tun kafin ya sayi kaya.