Maɗigar Jariri: Yaushe Ta Kan Rufe?

Yau zancenmu a kan maɗiga ne, wato wurin nan mai taushi a kan jariri, inda ki kan ga yana motsi a hankali.

Ki sani cewa ƙasusuwan kan jariri ba a haɗe suke ba. Allah ya bar su haka don kan ya iya matsewa ya fito ranar haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami filin girma. Maɗiga biyu ce ake dubawa. Ƙaramar tana wajen ƙeya, ta kan rufe yaro yana da wata 2 zuwa 3. Babbar ta tsakar ka ta kan kai wata 12 zuwa 18, wasu ma har kusan shekara 2. Motsin nata bugun jini ne kawai. Ki wanke kan, ki shafa mai, ba abin da zai same shi.

Amma fa maɗiga tana ba da labarin lafiyar ɗanki, musamman ku mutanen Kunci da ƙauyukan kewaye, inda bazara ke da zafi ƙwarai. In yaro yana zawo ko amai, kika ga maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, fitsari ya ragu, to, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Liƙa magani a ka ba ya mayar da ruwa. Ki ci gaba da ba shi nono. Ki dama ƙunshin ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ki riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, kuna hanyar asibiti.

In kuwa maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka ya ke yi ba, ga zazzaɓi, ga ƙin kama nono, kada ki jira gari ya waye. Yana iya zama sanƙarau, cutar da ta hallaka dubban mutane a Arewa a 1996. Ki gaya wa maigida a nemi abin hawa nan take.

Haka nan in yaro ya wuce shekara 2 ba ta rufe ba, ko ta rufe tun yana ɗan wata kaɗan, ko kan yana girma fiye da kima, a kai shi likita ya auna.

Ki riƙa shafa maɗigar ɗanki kullum bayan wanka, yana zaune a cinyarki cikin natsuwa, don ki san yadda ta ke in yana lafiya. Allah ya raya mana su, amin.