Abubuwan ban mamaki a taƙaice: Daga Unguwar Shanu zuwa Jidda

Maniyyacin da ya bar gidansa a Unguwar Shanu da asuba, ya bi ta Mando zuwa filin jirgin saman Kaduna, tsakaninsa da Jidda kimanin kilomita 3,600 ne. Jirgi na cinye wannan tazara cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Amma agogo zai ruɗe shi. In ya tashi ƙarfe goma na safe, na hannunsa zai nuna ƙarfe uku da sauka, na bangon filin Jidda kuwa ƙarfe biyar, domin Saudiyya ta riga mu da awa biyu. Ranar dawowa sai a biya shi bashinsa: ya tashi goma, ya iso Kaduna ƙarfe ɗaya.

Wannan tafiya ta yini guda ita ce kakanninmu suka yi a ƙafa da bisa jakuna, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin. Suna tafe suna noma, suna ƙwadago don neman guzuri. Wasu sai sun shekara biyar ko fiye kafin su ga gida, wasu kuma Sudan ta riƙe su har abada. Garin Mai Wurno da ke can, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Ko jirgin sama ma da farko bai yi irin saurin yau ba. A 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Kwanaki suka yi a hanya, suna yada zango suna shan mai.

A duniya kuwa, tafiyar Singafo zuwa New York ta haura kilomita 15,000, fasinja na zaune fiye da awa 18 ba sauka. Mafi gajartar tafiyar jirgin fasinja kuma tana Sukotland, tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray: kilomita 2.7, ƙasa da minti biyu. Ko tsawon titin saukar jirgi na filin Kaduna ba ta kai ba, don shi kilomita 3 ne!

Zuwa da dawowa ma ba ɗaya ba ne. Daga New York zuwa Landan ya fi komowa sauri da kusan awa guda, saboda iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas tana tura jirgin ta baya.

Mu ma Kaduna mun taɓa zama ƙofar ƙasa. Daga 8 ga Maris 2017, da aka rufe filin Abuja don gyaran titinsa, mako shida jiragensa suna sauka nan, har da na ƙasar Habasha daga Adis Ababa.

Alhaji da Hajiya, in kun sauka Jidda, ku fara da gyara agogo saboda lokutan salla.