Taurarin da Ke Ɗaura Faifan Gas a Ƙugu

A shekarar 1866 wani limamin coci ɗan Italiya, Angelo Secchi, yana nazarin taurari a birnin Rum, ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai. Idan aka warware hasken tauraro zuwa launukan bakan gizo, baƙaƙen layuka ake gani, wuraren da iskar saman tauraron ta shanye hasken. Amma a tauraron Gamma Cassiopeiae, layin haidirojin ƙyalli yake yi.

Sai a 1931 Otto Struve ya kawo bayanin da ya karɓu. Zafafan taurari irin wannan, da masana ke kira Be, juyi suke yi na fitar hankali, ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa guda. Gas na ficewa daga ƙugunsu ya shimfiɗu kewaye da su ya zama faifai, hasken tauraron ya gasa shi, shi ma ya kama haskawa.

Galibin fayafayan nan sun yi nisan da madubin hangen nesa ba ya raba su da taurarinsu. To ta yaya aka san suna nan? Siffar jan layin haidirojin ce ke tona asiri. Ka san yadda ƙarar honin mota ke sirancewa in ta doso ka, ta yi kauri in ta wuce. Haske ma haka yake. Gefen faifan da ke tahowa wajenmu haskensa na karkata zuwa shuɗi, gefen da ke tafiya kuma zuwa ja, sai layin ya fito da tozo biyu. Tazarar da ke tsakaninsu na nuna saurin gas ɗin. In tozo ɗaya ya ɗara ɗaya, gas ya taru ke nan a ɓangare guda. In kuwa daga sama muke kallon faifan, tozo ɗaya za a gani.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne faifan ba ya dawwama. Pleione, cikin taurarin Kaza da 'Ya'yanta, ya sha zubar da nasa ya sake tara wani. Delta Scorpii kuwa sai a shekarar 2000 ya ƙara haske ya fito da nasa. Sai dai juyi kaɗai bai isa ya cilla gas haka ba, shi ya sa masana ke zargin bugun da jikin tauraron ke yi na da hannu a ciki.