Wani na hawa don nishaɗi, wani na sauka don tuwo

A tsibirin Mayorka na ƙasar Ispaniya akwai wani wasa da ake kira «psicobloc». Mutum zai hau dutsen da ya tsaya a bakin teku, ba igiya, ba ƙugiya, sai hannu da ƙafa. In ya suɓuce, ruwa mai zurfi ne zai tare shi. Miquel Riera, ɗan tsibirin, shi ya soma wasan a 1978. A 2006 Ba'amurke Chris Sharma ya haye Es Pontàs, wani dutse mai siffar ƙofar gari a cikin teku, bayan ya sha faɗawa ruwa.

Ɗan Issa ba ta da teku, amma tana da masu kasada da rai. Da zinariya ta bayyana a yankin, samari daga Nijar da Najeriya suka yi ta sauka cikin ramuka. Ranar lahadi 7 ga nuwamba 2021 ramukan Garin Liman suka rufta, aƙalla mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya.

Kafin mai hawan dutse ya ɗaga ƙafa, sai ya auna zurfin ruwan, ya dubi igiyar teku, ya san inda zai fito in ya faɗa. Mai haƙa kuwa yakan shiga ƙasa mai saurin zubewa, sau da yawa ba ko icen tokara bango.

To, ɗan kasuwar da ke zuba jari a rami, da ma'aikacin da ke sa hannu a takarda, ku fara tambaya: an tokare ramin kafin yaro ya sauka?