Shekara Biyu a Gaban Malami Kafin Digirin Dakta

Akwai wata magana da ta fara shiga gidajenmu, iyaye kuwa da yawa ba su san yadda za su amsa ta ba. Yaro ya gama digiri na farko a ilmin tattalin arziki, ya yi hidimar ƙasa, kowa a gida ya zuba ido ya ga an kira shi banki ko ma'aikatar kuɗi. Sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in yi shekara biyu ina taimakon wani malami a aikin bincike, daga nan in nemi karatun dakta." Uba ya yi shiru. Gama ga ƙanne a makaranta, ga rufin ɗaki yana yoyo, ga kuma 'yan zumuntar mata suna tambayar uwarsa ko yaushe za a sha biki. Kafin a ce masa i ko a'a, ya kamata a san abin da yake roƙo.

Mene ne aikin?

A ƙasar Amurka wannan al'ada ta fi ƙarfi. A can karatun dakta na tattalin arziki yakan ɗauki shekara 5 ko 6, manyan jami'o'i kuma sukan ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta, har su ba shi na abinci da haya. Saboda haka masu nema suna da yawa ƙwarai, waɗanda ake ɗauka kuwa kaɗan ne. A dā ɗalibi mai ƙwazo yakan wuce kai tsaye daga digiri na farko. Amma tun wajen 2010 abin ya yi ta sākewa, har ya zama da yawa daga cikin masu shiga manyan jami'o'i sai sun fara yin shekara ɗaya ko biyu suna aiki a ƙarƙashin wani shehun malami, ana biyansu albashi. Babban Bankin Amurka da ke Washinton da rassansa 12 sun daɗe suna ɗaukar irin waɗannan matasa. Haka kuma jami'o'i, da Bankin Duniya, da cibiyoyin binciken talauci irin su J-PAL, wadda aka kafa a jami'ar MIT a 2003, da IPA, wadda aka kafa a 2002.

Sunan aikin yana da daɗin ji, amma aikin kansa shiƙa ne da tankaɗe. Malami yana da tambaya, a ce, ko ba manomi bashin taki yana ƙara masa amfanin gona. An bi gidaje dubu biyu an yi tambayoyi. Sai a juye wa mataimaki dukan amsoshin a kwamfuta, a ce ya tsabtace su. Nan zai tarar da mutumin da aka rubuta shekarunsa 250, da yarinya 'yar shekara 9 mai 'ya'ya huɗu, da maigida ɗaya wanda bara aka rubuta shi Muhammadu, bana Mamman. Zai tarar wani ya faɗi girbinsa da dami, wani da buhu, wani da mudu, wani da tiya, mudun wannan kasuwa kuma ba daidai yake da na waccan ba. Tilas ya mai da su duka ma'auni ɗaya, ya kuma rubuta yadda ya yi, domin wani ya iya bin sawunsa. Da manhajojin lissafi irin su Stata da R da Python ake yin wannan. Mako guda yakan ƙare a kan neman inda sifiri ɗaya ya ɓace.

Idan kuwa aikin ƙauye ne, mataimaki shi ke koya wa masu tambaya, shi ke gaida dagaci da mai unguwa, shi ke tabbatar da an sami mata a cikin ayarin, gama akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure. Yakan kuma sake aika wani dabam zuwa kamar gida ɗaya cikin goma, a maimaita 'yan tambayoyi, don a gane ko mai tambaya na fari ya je da gaske, ko kuwa gindin ɗorawa ya zauna ya cika takardun da kansa.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk sha'anin Turawa ne. Wani sashi mai kyau na abin da duniya ta sani game da tattalin arzikin ƙaramin manomi, daga ƙauyukan Zariya ya fito. A 1966 da 1967 wani masani mai suna David Norman, na cibiyar binciken noma da ke Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, ya sa ma'aikata a ƙauyuka uku, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Sun yi shekara guda suna komawa wurin manoma a kai a kai, suna rubuta wanda ya je gona, da awa nawa ya yi, da abin da aka shuka, da abin da aka girbe. A lokacin malaman gona da yawa suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Alƙaluma suka nuna manomi ne yake da gaskiya: haɗin yakan fi ba da riba a eka ɗaya, in kuma damina ta yi gardama, wani abu ya lalace, wani ya tsira.

Bayan shekara 20, a 1988 zuwa 1989, Christopher Udry, wanda yake ɗalibin dakta a jami'ar Yale a lokacin, ya zauna a ƙasar Zariya yana bin gidaje wajen 200 a ƙauyuka huɗu, yana binciken bashi. Ya tarar yawancin rance tsakanin dangi da maƙwabta ake yinsa, ba takarda, ba jingina. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda ake biya. In wahala ta auka wa wanda ya ci bashi, akan sassauta masa. In kuwa mai ba da bashin ne ta auka wa, sai wanda ya ci ya biya da ƙari. Kowace tsohuwa a ƙauye ta san wannan, amma sai da aka ƙidaya shi gida gida kafin ya shiga littattafan jami'a. Su wa suka ƙidaya? Samari ne masu jin Hausa, masu haƙurin zama a kan tabarma har maigida ya yarda ya faɗi bashin da ke kansa. Mutanenmu kuwa, tun zamanin haraji da jangali, ba su saurin gaya wa mai riƙe da alƙalami yawan awakinsu.

Wannan aiki bai tsaya ba. Tun 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya, tare da Bankin Duniya, ta soma bin gidaje wajen 5,000 tana komawa gare su bayan 'yan shekaru. A Nijar kuma Jenny Aker ta bi farashin hatsi na shekarun 2001 zuwa 2006, ta nuna zuwan wayar hannu ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Aikin amana

Ga abin da ya sa ni, a ganina, ban ɗauki shekarun nan biyu ɓata lokaci ba. Jarrabawa tana nuna yaro yana da kai. Ba ta nuna abin da zai yi da ƙarfe goma na dare, shi kaɗai, sa'ad da ya ga alƙaluma sun ƙi ba da amsar da malaminsa yake sa rai. In ya share gidaje goma sha biyu daga lissafi, amsa ta fito sumul, ba wanda zai sani. Littafin Karin Magana, sura 11, ya faɗi yadda Ubangiji yake ƙin ma'aunin zamba. Mukan karanta wurin mu tuna da mai awon hatsi wanda ya bubbuge gindin mudunsa. Amma mai awon hatsi mutum ɗaya yake cuta a lokaci guda. Lissafin masanin tattalin arziki kuwa gwamnati takan ɗauka ta yanke shawara a kan miliyoyin mutane.

Ba ma sai da zamba ba, ganganci kaɗai ya isa. A 2010 manyan malamai biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga bincike mai nuna cewa in bashin ƙasa ya wuce kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, tattalin arzikinta yakan daina girma. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙa kafa hujja da shi wajen rage kuɗin da gwamnati ke kashewa. A 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji ya maimaita lissafin. Ya yi ta yi, amsarsa ta ƙi zuwa daidai da tasu. Bai ce shi ne ƙarami don haka shi ne mai kuskure ba. Ya roƙi malaman ainihin jadawalinsu, suka aiko masa. Ashe wajen haɗa jimla an tsallake ƙasashe biyar: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa biyu suka gyara wannan da waɗansu abubuwan da suka yi suka a kai, sai girman da aka ce ya faɗi ƙasa da sifiri ya koma kashi 2.2 cikin ɗari. Malaman biyu sun amsa kuskuren jadawalin, ko da yake sun yi gardama a kan sauran. Irin wannan ido ne ake koya a aikin mataimaki, shi ne kuma malami zai yi shaida a kansa.

Gama ladan aikin na gaske ba albashin ba ne, wasiƙar shaida ce. Mai neman karatun dakta yakan kawo wasiƙu uku. Wasiƙar malamin da ya koya wa yaro cikin aji na mutum ɗari uku ba ta da nauyi kamar ta wanda ya zauna da shi shekara biyu, ya ga aikinsa da halinsa. Littafin Sarakuna na Biyu, sura 3, ya nuna da aka zo gabatar da Elisha ga sarakuna, da hidimar da ya yi wa Iliya aka san shi.

Amfani na biyu shi ne yaro ya gwada ruwa kafin ya faɗa kogi. Esther Duflo, Bafaranshiya, tarihi take karantawa sa'ad da ta tafi Mosko a 1993. A can ta yi aikin taimakon masanan tattalin arziki masu ba gwamnatin Rasha shawara, ta ga abin da ilmin yake iya yi, ta sāke hanya. A 2019 ta sami kyautar Nobel tare da Abhijit Banerjee da Michael Kremer, tana da shekara 46. Waɗansu kuwa sukan yi shekara biyun su gane ba su son wannan rayuwa ko kaɗan. Su ma sun ci riba, gama gara a gane a shekara ta biyu da a gane a ta shida.

A zauna a yi lissafi

Duk da haka ba zan ɓoye wa iyaye nauyin abin ba. Ubangijinmu da kansa, cikin Luka sura 14, ya yi misali da mai ginin da ya kamata ya fara zama ya ga ko kuɗinsa za su kai. To, mu yi. Digiri na farko shekara 4, in ba yajin aiki, mun kuwa tuna na 2022 ya ci wata takwas. Hidimar ƙasa 1. Digiri na biyu, wanda ɗalibanmu da yawa sukan bukata kafin a dube su a waje, 2. Aikin mataimaki 2. Karatun dakta 6. Shekara 15 ke nan. Wanda ya shiga jami'a yana da 18 zai fito yana da 33. Ɗan mai hali zai iya jira. Ɗan fari a gidan mai bishara na ƙauye fa? Masanan Amurka da kansu sun yi ta kuka cewa wannan sabon mataki ya ƙara wa talaka nisan tafiya, har a 2020 waɗansu jami'o'i da cibiyoyi suka haɗu suka kafa ƙungiyar PREDOC domin a riƙa shelar guraben a fili. Ga 'ya mace kuma nauyin ya ninka, domin mu ne, mu na cikin ekklesiya, muke fara ƙirga mata shekaru tun ba ta cire rigar hidimar ƙasa ba.

Wurare da yawa a Amurka suna da wuyar samu ga baƙo saboda takardun izinin aiki. Ƙofar da ta fi kusa da yaranmu ita ce aikin bincike da ake yi a nan Afirka, inda jin Hausa da sanin gaisuwar ƙauye jari ne da ɗan Boston ba shi da shi. Akwai kuma makarantu a nahiyarmu masu shirya ɗalibai: ƙungiyar AERC da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1988, tana tallafa wa karatun digiri na biyu da na dakta a jami'o'in Afirka, Farfesa Leonard Wantchekon kuma ya buɗe makarantar tattalin arziki a Jamhuriyar Benin a 2014.

In yaro ya kawo takardar ɗauka, uba ba sai ya san tattalin arziki ba kafin ya yi tambaya. Wane malami ne za ka yi wa aiki, kai da shi za ku riƙa ganawa, ko kuwa akwai mutum uku a tsakaninku? Waɗanda suka riga ka a wurin, ina suke yanzu? Za a bar ka ka taɓa lissafi, ko aikinka ya tsaya ga neman mota da masauki? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin akwai masu ɗaukar yaranmu tafinta kawai, shekara biyu ta wuce ba su koyi kome ba. Wanda kuma ya ce a biya shi kuɗi kafin a ba da aikin, ɓarawo ne.

Sai maganar lissafi. Mu da muke koyarwa mun san yara da yawa sukan gudu zuwa tattalin arziki don suna tsoron lissafi. Shekarar fari ta karatun dakta kuwa kusan duk lissafi ce, da jarrabawa a ƙarshenta wadda takan mai da waɗansu gida. In ɗanku bai ɗauki darussan lissafi masu zurfi a jami'a ba, to, cikin shekarun nan biyu zai biya wannan bashi, da dare, bayan an tashi daga aiki. A tambaye shi ko ya san da haka, a kuma yi shiri da shi tun yanzu a kan nawa zai riƙa aikowa domin kuɗin makarantar ƙannensa.